Miyar Kazar Indiya a Murhun Kubura

Litinin, 4 ga Agusta, da hantsi

Yau na rina kokon unguwa guda.

Jiya da yamma na zuba kurkum da citta da kanumfari da kirfa da tafarnuwa a injina, na markaɗa, na kwashe abina na kulle shago. Ban wanke injin ba. Shekara ashirin da biyu ina markaɗe a Gaya, ni ne mai yi wa mata faɗa in sun haɗa min tattasai da gero a layi ɗaya, yau ga ni. Da sassafe Hanne mai koko ta kawo geronta bokiti biyu, na zuba ina hamma. Ƙullu ya fito rawaya kamar gwaiduwar ƙwai.

Ta riƙe ƙugu. "Malam Maiwada, wannan kuma mene ne?"

Na ce, "Sabon samfuri ne, Hajiya. Kokon manya. A Abuja layi ake yi a kansa."

"A Abujar gidanku? Lasa ka ji."

Na lasa. Koko mai tafarnuwa. Ko akuya ta shinshina sai ta ja da baya. Dole na koma gida na auno mata gero daga namu, na wanke inji sau uku tana tsaye a kaina kamar mai duba jarrabawa.

Da za ta tafi ta ce, "Wai me kake yi da kayan ƙamshi haka, ɗan tsoho? Shagon magani za ka buɗe?" Sai kuma ta tuna. Ta sauke murya. "Ya mai jikin?"

Na ce da sauƙi. Ita ce amsar da aka koya mana.

Litinin, bayan la'asar

Littafin nan ragowar na makaranta ne, na tsince shi a ƙasan akwati. A aji biyu na sakandare ni da boko muka rabu, ba tare da ɗayanmu ya yi kewar ɗaya ba. In an ga rubutu ya karkace, hannu ne ya saba da bel da sifana.

Ina rubutawa ne don bakina ya saba da surutu, gidan kuma yanzu ba ya ɗaukar surutu.

'Yata ta fari tana ɗakin uwarta, yau kwana goma sha tara. Ba na kama sunanta, haka muka taso muka ga ana yi da ɗan fari. Na gwada rubuta shi a nan ma, biro ya ƙi. Shekararta ashirin da shida, ban jin mun taɓa yin hirar da ta wuce tsawon alwala. Duk wasan da ban yi da ita ba na tara shi na juye a kan 'yarta, Baiwa, jikata, mai shekara huɗu, wadda ke ce min miji mai warin dizal.

A watan Mayu suka tafi Indiya su biyu, saboda abin da likitoci suka gani a ƙirjin Baiwa. A Yuli 'yata ta dawo ita kaɗai. Ni na sauke kaya daga mota. Jaka biyu suka tafi da su, jaka biyu ta dawo da su. Iyakar abin da zan rubuta ke nan a kan wannan.

Ba ta cin abinci. Mijinta Ɗayyabu ya ɗauko ta daga Ajingi ya kawo mana, ko za ta ci daga hannun uwarta. Kubura, matata, ta yi fate, ta yi dambu, ta yi farfesu, ta yi kunun gyaɗa. Kwano yana shiga, kwano yana fitowa. Ni ne nake ƙiba.

Talata, 5 ga Agusta, bayan azahar

Ga inda na samo wannan hauka. A wayar Kubura akwai saƙon murya da 'yata ta aiko daga can, a watan Yuni. Na haddace shi:

"Umma, yau na ci abinci har da siɗe hannu. Matar da 'yarta ke gadon kusa da namu ce ta kawo. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin yarensu, sai ta buɗe kwano ta nuna min bakina. Kaza ce a cikin wata miya, ba ja sosai ba, kamar an zuba madara a miyar tumatir. Akwai kurkum, akwai kirfa, akwai man shanu. Laushi, Umma, ba sai kin tauna ba. Rabon da in ji yunwa irin..."

Daga nan wata ƙaramar murya take shigowa ta bayanta. A nan nake tsayarwa. Daƙiƙa arba'in da ɗaya. Babban yatsana ya ƙware, ko ido rufe ba ya wucewa.

Na ce a raina, cikin da ya taɓa buɗewa saboda miyar nan zai iya sake buɗewa. Lissafin mai injin markaɗe ke nan.

Laraba, 6 ga Agusta, bayan magariba

Gwaji na farko.

Kubura ta same ni tsugune gaban murhunta ina hura wuta, hula ta faɗa cikin toka.

"Malam, lafiya?"

"Girki zan yi."

"Girki? Kai da ko ruwan zafi sai ka kira ni? Don Allah tashi, kada maƙwabta su leƙo su ce mutuwa na yi."

Kalmar ta zauna a tsakar gida kamar baƙon da ba a ba tabarma ba. Ta juya ta ɗauko min tukunya.

Na sayi kazar Hausa, babba, na zaɓe ta don girmanta. Ashe girman na shekaru ne. Wajen laushin miya kuwa na yi tunani irin nawa: me ke sa miya kauri da santsi? Gyaɗa. Na markaɗa na zuba.

Kubura ta ɗanɗana a bakin ludayi, ta daɗe tana kallon sama.

"To?"

"Miyar taushe ce ta je aikin hajji ta dawo da rawayan mayafi."

Cinyar kuwa na fara taunarta da kiran magariba, ga shi an kusa isha'i muna nan muna shawara ni da ita. Ba a kai ɗaki ba.

Alhamis, 7 ga Agusta, da safe

Shayi rabin kofi ta sha.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan masallaci

Ɗayyabu ya zo a babur ɗinsa. Ya cire takalmi tun daga soro, ya tsuguna ya gaishe ni. Rigarsa ta yi masa yawa, wuyan yana yawo a ciki. Malamin firamare ne, mai magana a hankali kamar yana tsoron fasa ta.

Ya shiga ya gan ta, ya fito ya sake tsugunawa.

"Baba, na yi magana da likitan da ya duba ta. Ya ce jikin ba zai jure ba. In nan da Juma'a biyu ba ta fara ci ba, dole a kai ta Kano a kwantar, a sa mata roba ta hanci."

"Ita me ta ce?"

"Ta ce ba za ta sake shiga ƙofar asibiti da ƙafarta ba. Sai dai a ɗauke ta."

"Za ka ɗauke ta?"

Ya kalli ƙasa. "In ya kama, Baba."

A nan ya kamata in faɗi wata magana ta manya. Abin da ya fito daga bakina shi ne, salansar babur ɗinsa tana ƙara kamar tsoho mai tarin asuba, ya kai ta a duba. Ya ce to, Baba. Ya tafi.

Ashirin da biyu ga wata ke nan. Na zana a bangon shago da alli.

Asabar, 9 ga Agusta, da yamma

Yau ko shayin.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan la'asar

Gwaji na biyu. Wannan karon kazar gidan gona na saya, fara, mai fuskar wadda ba ta taɓa shan wahala ba. Na soya albasa, na zuba tumatir da kayan ƙamshina, miya tana tafasa tana tsalle, na ɗauko kindirmo mai sanyi kwano guda na antaya.

Na ga abin da idona. Miya ta tsaya cak, sannan ta tsinke. Ruwa gefe, fararen gudaji gefe, mai yana yawo a sama yana neman inda zai zauna. Kamar taron dangi bayan rabon gado.

Kubura ba ta ma ɗanɗana ba. Ta ce, "Malam, kaji nawa za su rasa ransu kafin ka haƙura?"

Na ce, "Shahidai ne."

Ta yi dariya, 'yar kaɗan, ta toshe baki da gefen mayafi ta waiwayi ƙofar ɗakin. A gidan nan yanzu dariya sai an sace ta.

Litinin, 11 ga Agusta, da azahar

Mun kalli wata Ba'indiya a waya tana dafa irin miyar. Tana magana kamar ana binta da gudu, ban tsinci ko kalma ba, amma na ga hannunta. A ƙarshe ta zuba wani farin abu mai kauri daga kwali. Ba kindirmo ba ne, ba madara ba ce. Na zaga shago uku a kasuwa da hoton, kowa ya ce sai manyan kantunan Kano.

Kubura ta karɓi wayar ta ƙura ido. "Wannan? Ai maiƙon saman madara ne. Kullum da safe yana kan ƙwaryar Inna. Shi take kaɗawa ta fitar da man shanu."

Inna Gaji ke nan, mahaifiyarta, surukata. Tana Gafasa da shanunsu. Shekara ashirin da bakwai ina auren 'yarta, ban taɓa shan ruwa a gabanta ba, ban kuma taɓa roƙonta ko allura ba. Kuma a wurinsu namiji ba ya doso ƙwaryar nono, balle suruki.

Na ce, "Ke ki je mana."

"In bar yarinyar da wa? Da kai?"

Wannan ma gaskiya ce.

Talata, 12 ga Agusta, bayan asuba

Ni na ce a tafi Indiya. Da ake ta shawara, wasu na cewa a bari, ni na buga ƙafa na ce a tafi. Na rubuta don kada in ce na manta.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan magariba

Na je Gafasa na dawo.

An yi ruwa da safe, hanya ta zama kunu. Sau biyu ina sauka ina tura babur, sau ɗaya babur ya tura ni. Gero ya fi ni tsawo hagu da dama, ya fara fitar da kai. Bana damina ta yi kyau, ba ruwanta da abin da ke gidan kowa.

Na isa da laka har gwiwa. Na cire takalmi nesa, na tsuguna a bayan zana, na yi sallama. Inna Gaji tana ciki tana wanke ƙore, ina jin ƙarar ruwa. Muka gaisa, gaisuwar da ta tambayi kowa har da injin, ban da wanda ake son tambaya.

Sai na rasa ta inda zan fara. Na ce wa zanar, "Wai ko ana samun abin nan na saman madara."

Sannan ta ce, ba da ni ba, da saniyar da ke ɗaure kusa da ita: "Ke Goje, kin ji? Mutanen birni sun fara shan maiƙo. Ko ciwon ƙafa ke damun su?"

Na gaya wa zanar komai. Miyar Indiya, gyaɗar, kindirmon da ya tsinke, Juma'ar da aka sa.

Ƙarar ruwan ta tsaya.

"Khairiyya ce ta ce tana so?"

Sunan ya fito daga bakinta a sauƙaƙe, kamar yadda kaka ke da iko. Na ji shi har cikin haƙarƙarina.

Na ce, "Ba ta ce ba."

"To wa ya ce?"

"Ni ne dai."

Daga baya ta koma wa saniyar. "Goje, a gaya wa mai inji, nono ba ya son gaggawa kuma ba ya son wuta. Wanda ya zuba shi a tukunya tana tafasa ya wulaƙanta shi. A sauke tukunya ƙasa. A bari ta daina huci. A ɗebi miyar cokali guda a zuba a cikin maiƙon, a juya, su san juna tukuna. Sannan a haɗa, a hankali, hannu yana juyawa gefe ɗaya. In ya iya."

Na ce wa zanar na gode wa Goje.

Wani ɗan ƙoƙo ya fito ta ƙarƙashin zanar, an rufe shi da faifai. Tarin kwana uku ne, man shanun da za ta kai kasuwa ke nan gaba ɗaya. Hannun da ya turo shi ya tsufa fiye da yadda na san shi. Na rungume ƙoƙon a cikin riga na tuƙa da hannu ɗaya har Gaya. Ban faɗi ba. Abin mamaki, sai da ba ni da abin karewa nake faɗuwa.

Juma'a, 15 ga Agusta, da la'asar

Ta yi!

Na sauke tukunya, na jira, na gabatar da su ga juna kamar yadda Goje ta ce. Miya ta haɗe, ta yi santsi, launinta kamar sararin yamma bayan ruwa. Ƙamshi ya haura katanga, har Hanne ta ɗago murya daga gidanta tana tambayar wa ya haihu.

Kubura ta ɗanɗana. Ba ta yi tsiya ba. Ta sake ɗanɗanawa.

Ta dafa farar shinkafa. Yanzu take zubawa a kwanon sha mai murfi, zan tsaya a bakin rijiya in yi kamar ina gyara guga.

Juma'a, bayan magariba

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Kubura ta shiga. Na ji ƙarar murfi. Sai wani sauti da ban taɓa ji daga bakin mutum ba, balle daga bakin 'yata, ita da ko tana jaririya ba ta cika kuka ba. Tun da ta dawo ba wanda ya ga hawayenta. Yau har gida na uku an ji.

Kubura ta fito da kwanon yadda ya shiga, ta dire shi a gabana har miya ta fallatsa.

"Ka ji daɗi? Wata guda muna raba ta da wurin nan, kai ka ɗauko mata shi a kwano ka kai mata har gado."

Ban taɓa tunanin haka ba. Wallahi ko sau ɗaya. Ni yunwar kawai na ji a saƙon. Ban lissafa inda take zaune ba sa'ad da take cin, da wanda ke kwance a gefenta.

Na fita na buɗe shago na tayar da inji, ba komai a cikinsa. Na bar shi yana ruri har man ya ƙare.

Asabar, 16 ga Agusta, da safe

Na bar girki. Na ba almajirai da karnukan unguwa labari, su suka cinye.

Lahadi, 17 ga Agusta

Kubura ba ta yi min magana. Abincina a soro.

Litinin, 18 ga Agusta, da azahar

Kuka dai, jiya da yau. Yana tsayawa yana dawowa kamar ruwan Agusta. Saura kwana huɗu. Ɗayyabu ya kira, ya ce ya yi magana da mai mota.

Wata mata ta kawo markaɗen wake ta ce, "Malam Maiwada, yau ba tsokana?" Na ce ta ƙare, sai an kawo sabuwa daga kamfani.

Talata, 19 ga Agusta, da yamma

Ta sha kunu ludayi biyu, in ji Kubura. Ta faɗa wa randa, ba ni ba. A dangin nan kowa da abin da yake aike.

Laraba, 20 ga Agusta, da hantsi

Na dawo gida ɗaukar sifana, ina tsugune ina laluben akwatin ƙarafa a gefen madafi, sai na ga inuwa.

'Yata ce tsaye, ta dafa bango. Rabon da in gan ta a rana tun ranar jakunkunan. Zanen ya zagaye ta kusan sau biyu. Na mayar da ido kan sifanu kamar su ne suka yi sallama.

"Baba."

"Na'am."

"Albasar ba ta soyu ba."

Na ce, "Wace albasa?"

"Ta miyar. Na ji a ƙamshin. Ita matar Indiyan sai ta yi kusan rabin awa tana soya ta a man shanu, wuta kaɗan, har ta yi ja kamar dabino. Kuma kirfarka ta yi yawa."

Ni da na yi shekara ashirin da biyu ba wanda ya kai ni baki a layin masu markaɗe, na nemi magana na rasa. Da ƙyar na ce, "Injin ne ya zuba da yawa."

"Kuma ba a zuba kindirmo a miya. Kazar ake jiƙawa a ciki tun da wuri, da citta da tafarnuwa da gishiri. Shi ke sa laushin."

"Ashe ta baya na hau jakin."

Ba ta yi dariya ba, amma ta zauna a kan turmi. Kubura ta fito daga ɗaki da tsintsiya, ta gan mu, ta koma da baya kamar ta ga maciji yana salla.

"Akwai sauran maiƙon?"

"Ya yi tsami."

"A kira Baban Baiwa ya biya ta wurin Inna ya karɓo. Hanyarsa ce."

Sunan nan, ba a faɗe shi a gidan nan ba tun Yuli. Ta faɗe shi, rufin bai faɗo ba.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan la'asar

Kaza ta huɗu. Allah ya jiƙan na baya.

Da safe muka jiƙa ta a kindirmo. Na ce "muka", amma ita tana kan kujera 'yar tsugunno ta jingina da bango, ni ne hannu. Shekara ashirin da shida ban aike ta ta ƙi ba, yau ita ke aike na.

"Rage wutar, Baba."

Na ja itace.

"Juya. Kada ka bar ta ta kama."

"Hajiya, albasar nan ta soyu."

"Ba ta soyu ba."

"Ta fara kiran sunana."

"Ka ce mata ta jira."

Kubura tana tankaɗe a gefe, garin da ta riga ta tankaɗe jiya.

Tsakanin juyi da juyi ta ba mu labarin matar. Akwai wani ɗan madafi a gidan da masu jinya ke kwana, a nan ta koya mata, da hannu da ido. In ta yi daidai matar ta kaɗa kai gefe da gefe, ita kuma ta ɗauka cewa take a'a, sai ta sake daga farko. Sati guda suna haka. Ba ta san sunanta na gaskiya ba har yau, Anti kawai take ce mata, ita ma Anti take ce mata. 'Yar matar ta warke, an sallame su. Amma ta ci gaba da zuwa da kwanon, motar haya biyu take hawa, har ranar ƙarshe.

A nan ta tsaya. Ni kuma na gano cewa tumatir yana bukatar kulawa ta musamman.

Ɗayyabu ya iso da ƙoƙon a ɗaure a ƙirji. Ya ga matarsa a tsakar gida, ya ga surukinsa da ludayi da zanen Kubura ɗaure a ƙugu, ya rasa wanda zai fara kallo. Ya tsuguna ya gaishe ni a haka. Na amsa da ludayin.

Na sauke tukunya, na jira ta daina huci, na haɗa. Ta miƙo hannu, na ɗiga mata a tafi. Ta lasa. Ta rufe ido, na ce shi ke nan, na sake yi.

Ta buɗe. "Gishiri."

Aka ƙara gishiri.

Ba a gabana ta ci ba, ba a yi haka ba. Na koma bakin rijiya wurin gugana, wanda ya sha gyara a watan nan fiye da injin. Amma daga can ana ganin bakin ƙofa. Loma biyar. Ta huta. Ta ƙara biyu. Tana ci hawaye na zuba a kwanon, ba ta share ba, ba ta kuma daina ba. Ta tura wa mijinta sauran, ya cinye har da siɗe kwano, shi ma ashe ba wanda ya tambayi cikinsa.

Kubura ta wuce ta kusa da ni ta ce, "Malam, zanena." Magana ta dawo.

Alhamis, bayan magariba

Da na tsaya a shafin baya, da littafin ya ƙare da kyau.

Ɗayyabu ya tafi masallaci, Kubura tana alwala. Ina kankare tukunya sai 'yata ta dawo ta zauna kan turmin.

"Baba, kowa ya ce min in yi haƙuri. Mutum ɗari sun faɗa. Ba wanda ya ce, yaya aka yi."

Na ci gaba da kankara.

"Umma in na fara sai ta riga ni kuka. Shi kuma sai ya tashi ya fita. Ni kaɗai na gani, ni kaɗai na sani, har wurin da aka sa ta. Ya yi min nauyi. Ina so in faɗa wa wani tun daga safiyar ranar har ƙarshe, kada a katse ni, kada a ce in yi shiru." Ta ja numfashi. "Kai ne ba ka kuka."

Ni ne ba na kuka. Ba ta san man dizal nawa na ƙona ba.

Na kalli ƙasan tukunyar na ce, "Kin ga bel ɗin injin nan, tun safe yake wani ƙara. Bari in leƙa kafin duhu."

Ta ce, "To, Baba." A hankali, irin ta 'yar da ta san ubanta.

Na je na zauna a shago. Bel lafiyarsa ƙalau.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan masallaci

Ɗayyabu ya sallami mai mota. Da safe ta ci ɗumamen miyar da shinkafa, da rana ta nemi fate. Na goge allin da ke bango.

Kowa a gidan yana ganin an gama. Kubura har ta aika wa Inna Gaji goro, ta ce a ba Goje dusa. Hanne ta ce in buɗe gidan abinci ta zo ta ga wanda zai mutu da farko.

Ni na san ba a gama ba. Sati uku ina yanka kaji, ina faɗawa laka, ina magana da zana, duk don kada in zauna gaban 'yata in buɗe kunne. Girkin ma wata hanyar tayar da inji ce. A ba ni kaji goma in dafa, wallahi ya fi min sauƙi.

Ɗazu da zan fita masallaci na tsaya a ƙofar ɗakin. Ban ɗaga labule ba. Na ce, "Maganar jiya. In an yi la'asar ina soro."

Ta ce, "Za ka iya, Baba?"

Na buɗe baki, wata tsokana ta taho har bakin haƙori. Na haɗiye ta. Na ce, "Ban sani ba. Ki zo dai."

Na kulle shago, na ba Kubura makullin na ce ko na roƙa kada ta ba ni. Na shimfiɗa tabarma biyu, na ajiye buta da kofin ruwa. Ba zan katse ta ba. Ba zan ce ta yi haƙuri ba. In ta zo inda ba zan iya ba, zan riƙe gefen tabarmar.

Ga ladan can ya fara gyara murya.